Dusuma da Sandar Arzika

Tun da na dawo daga Kwatano ban ci goro guda cikin kwanciyar hankali ba. A kasuwar Boɗinga a tare ni, a bakin masallaci a tare ni, har wajen wanzami, aska tana wuyana. "Labbo, yaya teku take?" "Labbo, da gaske can mata ke gyaran mota?" Na ba da labarin har muƙamuƙina ya gaji. Ga kuma wani mutum guda, wanda ko Tambuwal bai raka ni ba, ya mai da ɓata mini labarin sana'a. Za mu zo kansa. Shi ya sa na sayi biro. Ku yi haƙuri da rubutun, bokona bai yi nisa ba, babana ya ga albasa ta fi lissafi amfani ya cire ni. Malamin da ya koya mana rubutu kuwa Bakano ne, don haka hannuna "muka" yake rubutawa, bakina "munka" ya sani.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, Arzika ne ya jawo. Taubashina ne, uwata ƙanwar ubansa ce, saboda haka tun muna yawo ba wando yake kirana bawansa. Ni kuma ina kiransa Rumbu, domin Allah ya yi shi da faɗi, shi kuma ya ƙara da fura. Gidansa yana bayan nawa a Shagari. Bara bayan girbi ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi a lambu, ya tafi da hannun hagu da ƙafar hagu, ya bar masa hannun dama da baki. Mu da muka san shi mun ce da bakin aka ɗauka aka bar ƙafar, da gari ya huta.

Ranar da aka sallamo shi daga asibiti, mota ba ta shiga lungunsu. Sai samari huɗu suka ɗora shi a kan wani tsohon ƙyaure, matarsa Ige ta lulluɓe shi da farin mayafi saboda rana. Suna shan kwana wata tsohuwa ta hango su ta saki salati. Mutanen da ke zaune gindin dogonyaro suka miƙe, wasu har sun fara neman buta. Wani mai shayi da ake kira Hali ya matso kusa da babban ɗan Arzika, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ƙarhe nawa za a yi sallar?"

Arzika yana ji. Ya yaye mayafin da hannunsa mai lafiya ya ce, "Sai an yi taka, Hali."

Gari ya yi dariya, shi bai yi ba. Ana ajiye shi a gado ya rantse da Allah cewa hannun wani ba zai sake ɗaga shi ba sai ran da ba shi da bakin hanawa. Liman ya zo ya yi masa bayanin kaffara, a ciyar da miskinai goma a wuce wurin. Ya ce, "Allah gafarta malam, a ciyar da ishirin, ina son ladan. Amma ba a ɗaukata." Ya sa aka ajiye masa sandarsa ta gora a gefen gado, duk wanda ya sunkuyo da niyyar ɗagawa ya sha ta a gwiwar hannu. Keken guragu da 'ya'yansa suka sayo yana zaure, kaza ta mai da shi wurin ƙwai.

Abin ya daina ba da dariya da gyambo ya buɗe a bayansa. Malamin asibitin da ke zuwa wanke masa ya ce in bai riƙa tashi daga kan gadon nan yana zama ba, gyambon zai ci har ƙashi, kuma shi zai riga ciwon farko kai shi ƙasa. Ige ta tare ni a zaure. Ba ta yi kuka ba, ba halinta ba ne. Ta ce, "Labbo, kai kaɗai yaka zagi da daɗin rai. Ka san abin yi."

Ban san abin yi ba sai wata ranar kasuwa a Boɗinga. Ina tsaye da Modi, mijin 'yar ƙanena, direban babbar mota da ke kai albasa Kwatano, muna kallon bakanike yana ciro inji da sarƙar da ya rataya a reshen bishiya, maza uku suna ja suna nishi. Modi ya ce can akwai wani ƙarfe mai ƙafafu da ƙugiya, mutum guda yana ɗaga inji da shi yana hira. Na ce, tsaya. Rantsuwa ta ce hannu, ba ta ce ƙarfe ba. 'Ya'yan Arzika suka haɗa abin da za su iya, Modi ya ce zai yi dako, ni kuma aka naɗa ni jakada, tun da ni kaɗai ne ba ni da aikin yi kuma na san girman kayan da za a ɗaga.

Muka yi lodi a Boɗinga, muka tsaya Shagari na shiga sallama.

"Ina zaka, bawana?"

"Kwatano. In sawo maka ƙugiya."

"Ka sawo wa kanka hankali, an ce can shina da araha."

Aka ba ni wuri a gaba, tsakanin Modi da sandar giya, duk sanda ya canza giya sai gwiwata ta sani. Tambuwal, Jega, Bunza, duk gida ne, ba abin faɗi, sai dai ramukan hanya da suka sake mini jerin haƙarƙari. Kafin mu kai Kamba Modi ya ce dole ya koya mini Faransanci. Bonjur, in an haɗu. Mersi, in an ba ka abu. Sai dusuma. Na ce, ita kuma fa? Ya ce, "Sannu ke nan, Baba." Na ce ashe Faransancin ma ba wani abu ba ne, da na sani da can na yi boko.

Daga Kamba muka ɗan taɓa ƙasar Nijar ta Gaya, muka haye gadar Kwara muka faɗa ƙasar Binin. Iyaka biyu a yini guda, kowace da tata hular. Ba su damu da sunanka ba kamar yadda suka damu da katin allurarka mai ruwan ɗorawa. A wani shinge bayan Malanbil muka tarar da wani jandarma dogo yana faɗa da wani direba, jijiyar wuyansa duk ta tashi. Ni kuma a gidanmu ba a wuce mutum yana aiki ba a gaishe shi ba. Na sauko, na gyara babbar riga, na ɗaga hannu na ce masa, "Dusuma, dusuma."

Ya bar direban ya juyo kaina. Ya yi magana mai tsawo, na ce mersi. Ya ƙara wata, na sake ba shi dusuma. Sai ya nuna mini wani benci a rana. Modi ya iso da gudu yana riƙe da wando. Ashe sannun da dusuma take nufi ita ce ta "bi a hankali". Su mutanen can sun raba sannu gida biyu, ta gaisuwa daban, ta lallaɓawa daban, ba su haɗa su a kwano ɗaya kamar mu ba. Wato na sauko daga kan albasa na ce wa hukuma ta kwantar da hankalinta. Da Modi ya warware masa, sai ga jandarma yana dariya har yana dafa mota. Bazabarme ne, yana jin Hausa sarai. Ya ce, "Baba, tun safe ba wanda ya ce mini sannu sai kai." Ya ba ni ruwan sanyi a leda. Na sha na ce mersi, wannan karon a wurinta.

Kusa da Kandi taya ta fashe. Na ɗauka sai an sauke albasar duka. Modi ya jawo wani abu kamar tulun turare na ƙarfe, bai kai tsawon kamu biyu ba, ya sa katako a ƙarƙashinsa, ya zura ƙarfe ya yi ta dannawa. Na sha ganin jak a duniya, amma ban taɓa tsugunawa na kalle shi ba sai ran nan, da yake yanzu ina da Rumbu a rai. Mota da buhunan da suka fi ƙarfin mazan unguwarmu duka ta riƙa tashi kaɗan-kaɗan. Na ce, "Modi, mene ne a ciki?" Ya ce mai. Na ce, mai kuma wane iri, mai ai zuba yake yi. Ya ce shi dai tuƙi ya koya, in matsa kar in sa ƙafa a ƙarƙashi.

A Paraku aka kawo mana sakwara da miyar gyaɗa, a ciki ga wasu yanka jajaye kamar tsoka. Na ciza na ji laushi, ba ƙashi ba jijiya. Aka ce wagashi ne, cukwi ne na nonon shanu da Fulanin can ke yi suna rina shi ja. Fulaninmu na Danchadi sun tsaya a nono da man shanu, nasu sun wuce gaba sun mai da nono nama. Na ci nawa na ci rabin na Modi yana waya. Burodinsu kuwa dogo ne kamar sandar makiyayi, bayansa tauri, cikinsa iska. Ba a yanka shi, a hammata ake saƙale shi. Na gwada shi da shayi, haƙorina na gaba da ya daɗe yana shawarar tafiya ya yanke hukunci a Paraku. Can na baro shi. Duk wanda ya bi ta wurin ya gaishe shi.

Wani abin mamaki, da rana ta take sai ka ga an rufe shaguna da ofisoshi an tafi barci, kamar an yi doka. Na ce wa Modi in aka kawo wannan tsarin Shagari ba wanda zai lura an canza wani abu.

A Kwatano muka sauka Zango, gidan wani Alhaji mai saukar da 'yan albasa. Nan Hausa ake yi, har da mutanen Gwadabawa na tarar. Ɗakin kuwa mu ne, da buhuna, da sauro masu ƙiba. Zafin garin ba irin namu ba ne da ke gasa mutum ya bushe. Nasu dafawa yake. Na wanke riga na shanya, washegari ta fi jiya jiƙa. Da safe aka kawo wani abu fari a ganye kamar kafa, wato agidi, da miyar kuɓewa. Na sa hannu sai na ji an riƙe mini yatsa. Ƙaguwa ce guda, da ƙafafunta da komai. Alhaji ya ce ita ce daɗin miyar. Na ce a ƙasarmu abin da ya fi ƙafa huɗu ba ya shiga tukunya, a ba ni wanda ya rage na burodin jiya.

Aka sayar da albasa, Modi ya tare mana 'yan kabu-kabu. Can duk riga mai ruwan ɗorawa suke sawa, suna yawo kamar an watsa wa tsuntsaye gero. Nawa ya riƙa kutsawa tsakanin motoci, na dafa kafaɗarsa na ce masa dusuma, sai ga shi ya rage gudu. Ran nan na san na iya Faransanci.

Wurin da Modi ya kai ni wani fili ne mai katanga kusa da tashar jiragen ruwa, cike da kayan gareji na gwanjo. Daga nan kana hango wasu ƙarafa dogaye kamar raƙuman dawa suna tsinto kwantena daga jirgi kamar ana tsintar ashana. Na nemi maigidan wurin. Aka nuna mini wata mace gajera, kakkaura, da rigar makanikai da baƙin mai har gwiwar hannu, tana cin gyaɗa. Madam Sika sunanta. Ta girma kusa da Zango, tana jin Hausa, sai dai ba ruwanta da namiji ko mace, kowa "shi" ne.

Na ce ina neman abin ɗaga mutum. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Papa, mutum ya mutu ko yana da rai?"

"Yana da rai. Abin da ya kawo rigimar ke nan."

Na ba ta labarin Arzika tun daga ƙyaure. Ta yi dariya har ta ƙware da gyaɗa, daga baya ta ce ubanta ma a kwance ya ƙare. Ta nuna mini na asibiti guda biyu, farare masu kyau, amma da batir suke aiki kuma batirin ya mutu tun a ƙasar Turawa. Ta tambayi nauyinsa. Na ce buhun albasa guda, da ɗan ƙari in ya sha fura. Ta ce, "To, na inji za ka ɗauka. Shi ba ya gajiya, ba ya son wuta."

Ta jawo shi. Ja ne, da ƙafafu biyu dogaye masu ƙananan tayoyi, da ginshiƙi a tsaye, da hannu guda miƙe mai ƙugiya a baki. Tsakanin ginshiƙin da hannun ga ɗan'uwan tulun Modi, sai dai ya fi shi tsawo. Na ce yau sai an faɗa mini abin da ke ciki. Ta ɗauko wani da aka farke ta shimfiɗa mini hanjinsa a kan tebur.

Ga abin da na fahimta, wanda ya fi ni sani ya gyara. Ɗakuna biyu ne, ƙarami kamar bututun allura, da babba kamar gwangwani, kowanne da fistin a ciki. In ka danna ƙarfen hannu, ƙaramin fistin yana tura ɗan mai kaɗan zuwa ƙarƙashin babban. Shi mai, duk taushinsa, ba ya matsuwa. In ka tura shi bai sami hanyar gudu ba, sai ya ture abin da ke kansa, ko mota ce. Kuma da yake gindin babban fistin ya fi na ƙaramin faɗi nesa ba kusa ba, ɗan ƙarfin da ka sa sai ya yaɗu a faɗin nan duka ya ninku. A tsakaninsu akwai 'yar ƙwallon ƙarfe da ke tsare ƙofa, mai ya shiga ba ya dawowa, kamar fura a bakin Arzika. Na ce to ai wannan sata ce, ƙarfin yaro ya ɗaga na ƙato. Ta ce ba sata, biya kake yi da yawan dannawa. Hannunka ya yi tafiya mai tsawo sau da yawa, kaya su tashi kamu guda. Kamar cika randa ne da ludayi.

Ta rataya wani inji ta ce in ɗaga. Na tattare hannun riga na ja numfashi, ta ce a'a, da ɗan yatsa. Da ɗan yatsana na ƙarshe na ɗaga injin mota, jama'a, ina da shaidu, ko da yake duk suna Kwatano. Sai ta nuna mini wani ɗan kunne a gindin tulun, shi ne bawul ɗin saukewa, yana buɗe wa mai hanyar komawa gida. Ta ce in sauke. Na murɗa shi kamar famfo. Inji ya faɗo kan wata tsohuwar taya da ƙarar da ta tashi karen maƙwabta.

Madam Sika ta ɗauki gyaɗarta da ta zube ta ce, "Papa, da ɗan'uwanka ne, yanzu an yi sallar. Dusuma. Ɗagawa kowa ya iya. Saukewa shi ne aiki."

Ta sa na yi ta maimaitawa har hannuna ya koyi murɗa kunnen nan kamar mai ɗura wa jariri magani. Ta ja mini kunne a kan abu uku: kar a zuba masa wani mai in ba nasa ba, kar a zaro hannun ƙugiyar har ƙarshe don yana rage masa ƙarfi, kuma in ya sha iska a hanya ya yi laushi, a buɗe bawul a yi ta dannawa ba kaya har ya yi gyatsa. Daga nan ta ce ba ta sayar da abin ɗaga mutum ba a gwada da mutum ba. Na dubi Modi, Modi ya dubi sama. Aka zagaya mini ɗamara mai faɗi ta ƙarƙashin cinya da bayan kafaɗa. Tana dannawa da yatsu biyu tana amsa waya, ni kuwa takalmana suka rabu da ƙasa, babbar riga ta tattare, ina juyawa a hankali kamar rago a hannun mahauci. Da kaina ya wuce katanga sai na ga wani abu shuɗi-shuɗi, fari a baki, ba shi da ƙarshe, ya haɗe da sama.

To masu tambayata yadda teku take, ganin da na yi mata ke nan. Tana da girma. Ban ƙara komai a kai ba don ɗamarar tana cin hammatata.

Dawowa ba ta da labari sosai. An naɗe ƙafafun ƙarfen an kwantar da shi a bayan mota. A shingen nan na Malanbil jandarmana yana hango ni ya ɗaga hannu ya ce, "Dusuma, Baba." Ya leƙa ya tambayi ko gareji zan buɗe. Na ce taubashina zan gyara. Ya ce Allah ya sa a samu kayan gyaransa.

A Boɗinga muka sauke shi. Na kai wa tela tamfol ya ɗinka mini wani abu kamar majanyi na ƙato, da madaukai huɗu. Muka gwada da buhun gero a gaban jama'ar kasuwa. Na danna, na danna, ƙugiya ta yi ɗan motsi ta tsaya, hannun ya yi laushi kamar ana taka katifa. Nan take aka sami masana. Wani ya ce an yi mini damfara. Wata mai ƙuli ta ce yunwa yake ji, ta miƙo kwalbar man gyaɗa. Sai na tuna kwanciyar da ya yi a mota. Na sauke buhu, na buɗe bawul, na yi ta dannawa har na ji ya yi 'yar gyatsa. Na rufe. Buhu biyu muka ɗora, suka tashi kamar auduga. Mai ƙuli ta ce ai ƙanshin man ne ya ji.

Muka kai shi Shagari, bayan azahar muka tura shi cikin ɗakin Arzika, ni da 'ya'yansa biyu. Ya rame, ɗakin kuma yana warin magani da wani abin da ba magani ba. Amma sanda tana nan a gefensa.

"Bawana ya dawo. Ina haƙorinka?"

"Na bar shi jingina. Ga abin hawanka, Rumbu."

Ige ta mirgina shi gefe kamar yadda take yi in za ta canza shimfiɗa, ta zura majanyin, ta mirgino shi. Muka tura ƙafafun ƙarfen ƙarƙashin gado, na saƙala madaukai a ƙugiya. Arzika duk yana kallo. Na yi masa wa'azin da na shirya tun daga Paraku, cewa rantsuwa ta ce hannu, wannan kuwa ƙarfe ne da mai, ba ya da uwa ba ya da uba. Na kama ƙarfen dannawa. Sai na ji gora a bayan hannuna.

"Wanga hannu da ke bisa ƙarhen, na wa na?"

"Nawa."

"Kai ba wani ba na?"

Na saki ƙarfen. Iyaka biyu, haƙori guda, ƙaguwa, rataya a gaban mace, duk ban taɓa tunanin wannan ba. Babban ɗansa ya juya fuska bango. Arzika kansa bai yi murnar kayar da ni ba, ya mai da ido rufin ɗaki ya ce a fitar da abin, a ba bakanike.

Ige tana tsaye bakin ƙofa da kwanon ruwan zafi. Ta ajiye shi ta dubi mijinta ta ce, "Malam, kai ba ka da hannu?"

Na dubi hannunsa na dama da ke riƙe da sanda. Na tuna ɗan yatsana da injin Madam Sika. Ƙarfen dannawar gajere ne, ba ya isa gado. Na zare shi, na fizge sandar daga hannun Arzika kafin ya farga, na zura bakinta a ramin. Ta shiga kamar don shi aka sare ta. Na miƙa masa ɗaya bakin.

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ja ƙasa. Ba abin da ya faru. Ya sake, madaukai suka miƙe. Ya ce, "Wasan yara." Amma bai saki ba. Tamfol ya fara ƙara, katifa ta fara kumburowa a inda ta daɗe a lotse. Yana ja yana haki yana zagina, ni da Faransawa da wanda ya ƙera abin, har haske ya ratsa tsakanin bayansa da gado. 'Ya'yansa suka janye gadon, aka kori kaza aka turo keke ƙarƙashinsa. Ige ta ɗauki kwanonta ta fita da sauri, wai ruwan ya huce.

Yana lilo a hankali, ya dube ni. Kunnen saukewa yana can gindin tulu inda sanda ba ta kai.

Na ce, "Rantsuwarka ta ce ɗagawa. Ba ta ce saukewa ba."

"Na sani. Sauke ni."

"Kafin nan, tsakanin ni da kai, wa ab bawa?"

"Kai na. Bawa shi ka sauke ubangidansa. Yi a hankali, ɗan banza."

"A Kwatano dusuma aka cewa."

"To dusuma, bawana."

Ban taɓa murɗa wani abu da lallaɓawa irin ta ran nan ba. Ya sauka cikin keken ko ƙara babu.

Turawa ba ɗagawa ba ce, wannan ko shi bai yi gardama ba. Muka fito da shi ta zaure, ya runtse ido saboda rana. Mutanen gindin dogonyaro suka hango mu suka miƙe tsaye, kamar wancan karon. Ya ɗaga sanda ya ce su zauna, jana'izar ba ta yi ba tukuna. Ya sa na tura shi har gaban teburin mai shayi. Hali ya rasa inda zai sa idonsa, yana ta goge kofin da ya riga ya goge.

Arzika ya yi ƙasa da murya ya ce, "Hali, ƙarhe nawa za a yi sallar?"

Hali ya dubi inuwa ya ce la'asar ta kusa.

"To ɗebo min ruwa a buta. Da ni za a yi."

Gyambon yana bushewa, malamin asibiti ya ce saura kaɗan. Ƙarfen yana nan a ɗakinsa, duk unguwa Dusuma ake kiransa, kuma ba mai taɓa kunnen saukewa sai ni ko Ige. Kullum da hantsi Arzika yana ɗaga kansa ya fito gindin dogonyaro, kuma shi ne mutumin da na ce muku yana ɓata mini labari. Duk wanda ya tambaye ni Kwatano, shi ke amsawa. Ya ce jandarman marina ya yi. Ya ce haƙorin mace ce ta cire shi. Jiya ina cikin bayanin teku ya ce wa jama'a kar su yarda, mutumin da aka rataya ba a karɓar shaidarsa, wataƙila tamfol ne shuɗi wani ya shanya. Na ce masa to ya tashi mu je ya gani da idonsa. Ya ce in tambayi Modi ko akwai wuri a bayan mota, na mutum guda da ƙarfensa.